Ɗingishin Akwatin Rabi

Jiya da yamma ina zaune a dakalin ƙofar gida, jirgi ya ratsa ta saman Ƙofar Kuyambana. Kafin ƙararsa ta gushe, ɗayanku ya zaro waya ya karanto mana lambar jirgin, da garin da ya taso, da inda ya nufa, har da nisan da ya yi a sama. Sai ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Baba Sabo, ashe wannan ne aikin da ya cinye muku ƙuruciya?" Kowa ya yi dariya, ni ma na taya ku. Kiran sallar magariba ne ya cece ku daga bakina. To yau na sami sarari, kuma tunda kun ce abin mai sauƙi ne, sai ku yi haƙuri ku ji irin sauƙin nasa.

Da farko dai, wayar nan taku ba ta ganin jirgi. Jirgin ne yake faɗin kansa. A cikin kowane jirgi akwai wani akwati da bai fi bulo girma ba. A takarda sunansa taransifonda, mu a shagon gyara akwati kawai muke ce masa. Tun daga tashi har sauka ba ya yin shiru, yana ta shelar lambar jirgin da inda yake, don mutanen hasumiyar filin jirgi da sauran jirage su san da shi kada a yi karo. Waɗanda suka tsara shi mutanen kirki ne, sun ɗauka kowa ma haka yake. Ba su sa wa maganar makulli ba, ba su kuma buga mata hatimi ba. Duk mai 'yar eriya a kan rufinsa zai ji. Duk mai 'yar na'urar aikawa kuma zai iya aron lambar jirgin da ya ga dama ya yi magana da ita. Masu eriya a ko'ina cikin duniya su suke tura abin da suka ji ga masu manhajar da ke wayarku, ku kuma ku duba gilashin waya ku ce kun ga jirgi.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan ba na jirgi ba ne. Wata baƙar rediyo ce mai rigar fata, ta wani dattijo, aka kawo shagon Malam Ilu a Ƙofar Kibo. Malam Ilu shi ne maigidana. Da rana yana aiki a shagon gyaran na'urorin jirage da ke filin jirgin Zariya, da yamma kuma ya buɗe ɗan shagonsa ya gyara wa mutanen gari rediyo, domin hannunsa bai iya zaman banza ba. Mahaifina ne ya damƙa ni gare shi bayan na gama makarantar koyon sana'a, ina ta ji da kai, gani nake babu abin da ya rage mini a lantarki. Na ɗauki rediyon zan murɗa, sai ya riƙe mini hannu.

"Dubi allurar tukuna," in ji shi. "A ina take?"

Na nuna masa tashar da allurar take kai.

"To ka riƙe wurin a ka. In ka gama gyara, nan za ka mayar da ita. Abin da ka ji a wurin kuma, ba ka ji ba."

Da na canza kwandansa, ɗan abin da ya ƙone a cikinta, na kunna, sai kiɗan goge ya cika shagon, ana ta cashewa. Dattijon nan kuwa duk unguwa an san shi, ko tafi yaransa suka yi a tsakar gida sai ya fito da bulala. Dariya ta cika mini ciki har ina tari. Malam Ilu ko ɗago kai bai yi ba, yana ta goge bakin ayan ɗinsa na narka dalma. Da aka zo karɓar rediyo, allura tana inda mai ita ya bar ta. Mutumin ya daɗe da rasuwa, jikokinsa suna cikinku, kuma kada ma ku fara tambayata.

Bayan wannan sai ya shiga horar da kunnena. Yakan jera rediyo a kan benci, duka a tasha ɗaya, ya ce in juya baya. Ya kunna wannan ya kashe, ya kunna waccan, ni kuma in faɗi ta waye. Na sha ranƙwashi kafin in gane abin da yake nufi. Wata tana da ɗan amo a ƙasan murya, wata sai ta yi kamar tana jan numfashi kafin ta kama. Labarai ɗaya suke karantawa, amma ba da baki ɗaya ba. Sai da ya ga na daina kuskure sannan ya nema mini aiki a filin jirgi, a ƙarƙashinsa.

A can na san sikof. Na'ura ce mai koren gilashi da take zana maka abin da kunne ba zai iya ji ba. Ita da mitar awon lantarki da ayan da filaya da 'yar tocilar da kake riƙewa a baki idan ka kutsa cikin jirgi, su ne kayan aikinmu. Ku da kuke ganin jirgi a waya ba ku san zafin cikinsa ba idan ya wuni a rana, kana kwance rigingine gumi yana shiga maka ido, ga sukurori ƙanana kamar ƙwayar gero, in ɗaya ya faɗi ba za a tashi jirgin ba sai ka nemo shi. Duk saƙon da akwati zai aika, da bugu huɗu yake farawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya yi sallama. A gilashin sikof sai ka gan su tsaye kamar ginshiƙai huɗu. Littafi ya ce duka iri ɗaya ne. Amma wani akwatin ginshiƙinsa yana da ɗan ƙaho a ka, wani yana jan wutsiya in zai sauka. Lamba dai da yatsa ake canza ta. Wannan tsayuwar kuwa da ita akwatin yake tafiya duk inda aka kai shi, ita Malam yake kira muryarsa.

Mun ga masu kawo gyara iri-iri. Akwai ɗalibin tuƙi da zai zo yana huci wai akwati ya mutu, hasumiya ta yi masa faɗa, ka leƙa ka ga bai ma kunna ba. Sai ka kunna masa a asirce, ka ɗan bubbuga gefen akwatin, ka ce wata waya ce ta saki, don kada abokansa su samu abin tsokana. Akwai wani attajiri da ya zo da kansa ya ce a kashe masa akwatin gaba ɗaya, ba ya son kowa ya san zirga-zirgarsa. Malam ya ce masa, "Alhaji, in ba a ganinka a sama, wani ne zai zo ya hau ka." Ya tafi yana gunaguni, amma bai sake tayar da maganar ba. Akwai kuma wani jirgi da aka kawo mana daga wani shago a wani gari. Sun ciro akwati daga jirgin da ya lalace sun sa masa, suka manta ba su canza lamba ba. Ya daɗe yana yawo da sunan wani jirgi da yake can a ajiye ko inji babu, tantabaru suna ƙwai a cikinsa.

Aikin da na fi tunawa shi ne na akwatin Rabi. Rabi ita ce autar Malam Ilu. Ta taso tana jin maganar jirage a kan tabarmar cin abinci, da ta girma sai ta ce ita ba gyara za ta yi ba, tuƙawa za ta yi. Ta kuwa yi. Wani kamfanin hayar jirage ya ɗauke ta, aka ba ta ƙaramin jirgi mai inji biyu, kuma a shagonmu ake duba na'urorinsa. A lokacin Malam ya riga ya ajiye aiki, ciwon ido ya cinye ganinsa a hankali har ya zama sai haske da duhu kawai yake bambancewa. Ni na gaje shi a benci. Da akwatin jirgin Rabi ya fara ɗaukewa, na wuni ina nema ban ga inda ciwon yake ba. Washegari sai ga ta ta shigo shago riƙe da hannun mahaifinta.

"Kawu Sabo, ga maigidanka na kawo maka," in ji ta. "Ya hana mu barci a gida, wai ya san kai kaɗai ba za ka iya ba."

"Ƙarya take yi mini," in ji Malam. "Cewa na yi za ka iya, amma sai baɗi."

Na ba shi kujerarsa ta dā. Ya ce in karanto masa abin da mita take nunawa a nan, da can, da can. Sannan ya faɗi inda zan duba, kuma nan ɗin ne. Na canza abin da ya ƙone, na yi duk gwajin da doka ta ce a yi, akwati ya haye kowanne lafiya lau. Sai dai da na duba sikof, ginshiƙin farko ba ya miƙewa tsaye kamar sauran. Yana ɗan jingina kafin ya tashi. Bai fita daga ƙa'ida ba, amma ido ba zai rasa shi ba. Na yi ta kwatanta wa Malam da baki bai gamsu ba. Sai ya miƙo tafin hannunsa ya ce, "Zana mini." Na sa yatsa na ja masa layi huɗu a tafin hannu, na farko a karkace. Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana.

"Ɗingishi yake yi," ya ce. "Ba komai. Zai kai ta ya dawo da ita."

Ina da eriyata a gida, kun san ta, ita ce a kan gorar nan da ke saman zaure. Da wayar tagulla da gwangwanin madara na haɗa ta, na jona da 'yar na'urar karɓa da wata tsohuwar kwamfuta da take adana abin da aka ji a wuni. Tun daga ranar, duk yamma in na je gaishe da Malam, kafin in gama zama zai ce, "Ta wuce?" In ce ta wuce, ko in ce yau ba ta biyo ta nan ba. A lokacin ma ba wani sirri ba ne. Duk unguwar an san lambar jirginta. Mahaifiyarta, Hajiya Ladi, da ko saƙon waya ba ta iya rubutawa, ta iya buɗe manhajar nan ta bi ɗan hoton jirgi da yatsa tana addu'a har ya sauka.

Sai shekarar da hanyoyi suka lalace ta zo. Kun isa tunawa, wasunku ma an taɓa 'yan gidansu. Masu garkuwa da mutane suka tare manyan tituna, duk mai hali ya koma hawa jirgi. Aiki ya yi mana yawa a shago, amma ba mu ji daɗinsa ba, domin kowa ya shigo fuskarsa a ɗaure. Ba a daɗe ba aka lura da wani abu: ƙaramin jirgi in ya sauka a ƙaramin fili, hanya ɗaya ce take fita daga wurin, kuma waya tana faɗa wa kowa lokacin saukarsa. Sai kamfanin su Rabi ya nemi izinin hukuma, a wasu tafiye-tafiyen a riƙa ba jirgin lambar aro. Hasumiya ta san ko wane ne, sauran duniya ba su sani ba. Hajiya ta buɗe waya ta nemi 'yarta ta rasa, ta yi ta mita wai an ɓata mata manhaja.

A cikin makon Rabi ta same ni a shago ni kaɗai. Ta zauna a kujerar mahaifinta tana wasa da filaya.

"Kawu, na san ko wace lamba aka ba ni za ka gane ni."

"Zan gane ki."

"Mutanen da nake ɗauka yanzu, wasunsu nemansu ake yi. Ni ma kuma a hanyar nan nake bi in na sauka."

"Rabi, kafin a haife ki aka koya mini mayar da allura inda take."

Ta yi dariya, domin ta san labarin. Daga nan muka ci gaba da yadda muka saba da Malam. Ya ce ta wuce, in ce ta wuce. Bai taɓa tambayar ta ina ba.

Ranar da abin ya faru Asabar ce a farkon damina, bayan azahar, hadari yana haɗuwa ta gabas. Ina cin abinci sai ga Mustafa, ɗan ƙanin Malam, magidanci mai aiki a sakatariya, ya faɗo zaurena ko sallama babu, takalmi ƙafa ɗaya. Ya miƙo mini waya. Ga lambar jirgin Rabi ta ainihi, wadda aka daɗe ba a gani ba, ta bayyana a saman dajin yamma. Nisanta daga ƙasa yana raguwa, yana raguwa, sai ta ɓace. Wani ya riga ya ɗauki hoton gilashin, yana ta yawo a wayoyin mutane da innalillahi a ƙarƙashinsa. Wayar Rabi a kashe. An kira kamfani sun ce ba su da abin faɗi tukuna. Kuma labari ya riga ya shiga gidan Malam, mutumin da likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki firgita ba.

Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Ƙafafuna suka ce in ruga gidan Malam. Amma in na je da hannu biyu me zan ce masa? Na wanke hannu na shiga ɗakin kwamfuta, na nemo saƙonnin da suka zo da lambar Rabi, na buɗe kansu, inda bugu huɗun nan suke. Ginshiƙai huɗu a tsaye cak, sumul, babu ko alamar jingina. Na duba ƙarfin saƙon. Jirgin da yake nisa yana kuma faɗuwa, muryarsa raguwa take yi har ta yanke. Wannan kuwa daga farko har ƙarshe ƙarfinsa ɗaya. Ba daga sama ya zo ba. Wani ne a zaune a wani wuri a gefen garin nan, da 'yar na'urarsa, ya ari lambar yarinyar nan ya kashe ta a gilashin mutane.

Sai na shiga bin jiragen da suke sama a lokacin ɗaya bayan ɗaya. Manyan na fasinja na wuce su. Can na ga wata lamba da ban sani ba, tana sama sosai, ta nufi wani ɓangare dabam. Na buɗe kan saƙon. Ginshiƙin farko ya jingina, sannan ya tashi. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Mustafa ya kama kafaɗata. "Baba, tana nan? A ina? Faɗa mini in rubuta wa mutane su daina wannan abu."

A nan ne na gane abin da mai ƙaryar yake nema. Ba zai iya ganin jirgin ba, sai ya ce bari ya tayar da hankalin masu ganinsa. Yana jiran wani daga dangi ko daga kamfani ya fito ya ce a'a, ai ga ta can ta nufi gari kaza. Na ce wa Mustafa, "Rubuta cewa labarin ƙarya ne. Kada ka ƙara ko harafi." Na kira mai aiki a hasumiya na shaida masa akwai baƙuwar murya a gari. Ya ce sun gani, ya yi godiya, bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Da na isa gidan Malam, kukan mata yana tashi daga ciki. Wani mai azarɓaɓi har ya fito da tabarmin zaman makoki ya jingina su a bango, ba a dai shimfiɗa ba tukuna. Zaure cike da maƙwabta, kowa da waya a hannu. Malam yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu amma ba ya ja, leɓunansa sun bushe, numfashinsa yana fita guntu-guntu. Na yi sallama na durƙusa a gabansa.

"Malam, ba ita ba ce. Rabi tana nan lafiya."

"Sabo," ya ce a hankali, "kada ka lallashe ni. Ni ba yaro ba ne."

Kafin in amsa, labulen ƙofar cikin gida ya motsa, muryar Hajiya ta fito a dishe. "Malam Sabo, in tana da rai ka faɗa mini inda take. Ni na haife ta. Ka faɗa mini, don Allah."

Ban taɓa jin nauyin sana'ar nan kamar a wannan lokacin ba. Matar nan ta ciyar da ni tun ina saurayi, ita ta kai lefen aurena. Sunan gari ɗaya kawai take roƙo, ga shi a bakina. Ga kuma wayoyi a zagaye da mu, masu su duka mutanen kirki ne, kuma kowanne zai so ya zama shi ya fara yaɗa albishir. Na sunkuyar da kai na kama hannun Malam, na buɗe tafinsa.

"Ga wanda ya zo da lambarta," na ce. Na ja layi huɗu a miƙe.



"Ga kuma wanda yake sama yanzu haka da wata lamba." Na ja na farko a karkace, sannan sauran ukun.

"Sake," in ji shi.

Na sake. Yatsunsa suka rufe a kan yatsana, ya matse har na ji zafi. Na ga ƙirjinsa ya ɗaga ya sauka da numfashi cikakke. Ya buɗe baki, na ji ya fara cewa, "A i..." sai ya tsaya. Ya haɗiye sauran. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa bai share ba. Sannan ya juya wajen labule.

"Hajiya, 'yarki tana bakin aiki. A mayar da tabarmin nan inda aka ɗauko su."

"Kai ka san inda take?"

"Ban sani ba. Sabo ya sani, kuma ba zai faɗa ba. Ni na koya masa."

Aka yi la'asar, ruwa ya sauko, mutane suka ƙi watsewa, wasu sun yarda wasu suna raɗa cewa tsofaffi biyu suna yaudarar kansu. Malam bai saki hannuna ba sai don alwala. Rana tana gab da faɗuwa wayar Hajiya ta yi ƙara a cikin gida, muka ji ihun da ba irin na ɗazu ba. Rabi ce ta kira. Duk da haka Hajiya ta ɗauki lokaci tana amsa gaisuwata a taƙaice. Ban ga laifinta ba. Wata rana dai sai ga kwanon dambu an aiko gidana, da man shanu a kai, na san an huce. Wanda ya yi ƙaryar har yau ban san ko wane ne ba. Rabi dai ta ce mini wanda ta ɗauka a ranar ya isa inda za shi, kuma babu wanda ya jira su a hanya.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Bayan 'yan watanni muna zaune a zauren Malam, Mustafa yana ba da labarin abin da ya karanta. Ya ce yanzu masana sun koya wa kwamfuta gane muryar akwatunan jirage, irin yadda muke yi da ido, har ma ta fi mu gani. Da haka za a riƙa kama masu aron lamba. Yabonmu yake yi, yana cewa ashe su Baba sun riga duniya.

Malam ya karkata kai. "Kwamfutar nan, a hannun hukuma kaɗai take aiki?"

"A'a Baba, ko a hannun wa."

"Ko a hannun wanda ya yi mana abin nan?"

Mustafa ya ce, "In ya samu, eh."

Malam ya daɗe yana murza carbi. Can ya ce, "Sabo, a cire akwatin nan na Rabi."

Na gane nufinsa tun kafin ya rufe baki, amma na yi gardama, domin na san abin da zai rasa. Na ce akwatin lafiyarsa ƙalau. Na ce kowane akwati yana da muryarsa, sabo ma ba zai rasa ba. Ya ce ya sani, shi ya koya mini, amma akwai bambanci tsakanin mai tafiya cikin jama'a da mai ɗingishi a cikinsu. Na ce, "Malam, in an cire, da me zan riƙa ce maka ta wuce?"

"Ai shi ke nan, ba za ka ce ba."

Rabi ta kai maganar kamfani, suka ga gaskiyarta, aka kawo sabon akwati irin wanda yake cikin jirage da yawa. Ranar da zan sa shi, ta sake shigowa riƙe da hannun mahaifinta. Na gama ɗaurawa, na yi gwaji, na duba sikof. Idona bai ga abin da zai raba shi da sauran irinsa ba. Malam ya miƙo tafin hannu. Na ja masa layi huɗu a miƙe.

"Kamar na kowa," na ce.

"Madalla," in ji shi. Ya rufe hannun ya sa a aljihu. Sannan ya juya inda yake jin numfashin 'yarsa. "To auta, yanzu sai kin yi sallama a ƙofa za mu san kin dawo. Ki riƙa ɗaga murya, kunnen ma ya fara tsufa."

Ta ce to. Ta juya baya tana gyara gyalenta, ta daɗe tana gyarawa.

Tsohon akwatin yana nan a kan kanta a ɗakina, kamfani sun bar mini shi bayan an soke shi daga aiki. Wanda yake son ganin ɗingishin a cikinku ya zo in kunna masa sikof, amma ya wanke hannu. Malam ya yi shekaru bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ban fasa zuwa gaishe shi da yamma ba. Bai sake ce mini ta wuce ba. Sai dai duk jirgin da ya ratsa saman unguwar, babba ko ƙarami, zai katse maganar da yake yi, ya ɗaga fuska sama ya ce, "Allah ya sauke ku lafiya." Tunda bai san wanne ne nata ba, sai ya riƙa yi wa duka.

Rabi tana tuƙi har yanzu. Jirgin jiya da kuka karanto mini lambarsa, ban sani ba ko lambar tasa ce ko ta aro, ban kuma san wa yake ciki ba. Kuna kallon waya, shi ya sa ba ku ga bakina yana motsi ba.